Yadda cakulan ya raba ni da babur ɗina

Jama'a, masu cigiyata tun bayan Sallah, ina nan da raina. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Na daɗe da hawan jini. Wani abokin aikina a Bungudu ya turo mini saƙo wai cakulan yana gyara zuciya. Duk maganin da na taɓa sha ɗaci gare shi, yau ga mai zaƙi! Na sayo kwali guda a Gusau. In na ci tuwo sai in ɗora biyu, in miƙe a tabarma. Yara suka miƙo hannu, na ce, "Maganin manya ne."

Wata Asabar bayan azahar ƙirjina ya kama da wuta har maƙogwaro. Gumi ya keto mini. Na ce shi ke nan, zuciya ta buga.

Matata Hajara ta kira ƙanena Sanusi, suka sa ni a Keke Napep. Ina hangen autata a ƙofar gida, ina tunanin wa zai riƙe ta. Wallahi na tsorata.

A gadon asibiti na kama hannun Sanusi. "Na ba ka babur ɗina halak malak, ka riƙa kai yara makaranta."

Yana kuka ya karɓi makulli.

Aka liƙa mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka kwantar da ni. Gwaje-gwajen sun cinye kuɗin buhun gero.

Washegari likita ya ce, "Malam, zuciyarka lafiya lau. Ƙwannafi ne. Me kake ci?"

Hajara ta riga ni. "Maganin manya, likita. Kwali guda."

Likita ya ce cakulan ɗin da ake yabo baƙi ne mai ɗaci, shi ma ɗan kaɗan. Nawa sukari ne da mai, ga kwanciya a kansa.

Inna ta iso daga Kucheri hankali tashe. Da ta ji bayani ta ce, "Alewa ce tak kayar da kai? Da gemunka?"

Na warke sarai, Alhamdu lillahi. Da na nemi makulli, Sanusi ya ce, "Yaya, gaban shaidu ka ba ni. Har nas ta ji." Yanzu shi ke rage mini hanya.

Na gode wa Allah, da Hajara, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a.

Ciwon ƙirji ba wasa ba ne, ku ruga asibiti. Saƙon waya ba likita ba ne. Kuma don Allah kada ku raba kaya sai sakamako ya fito.