Ƙanena Mai Fanka Ya Yi wa Maɗaci Aski

Ƙanena gyaran fanka yake yi, kuma ba a taɓa saninsa da wata sana'a ba. Mai Fanka ake ce masa a unguwa, har jikokinsa haka suke kiransa idan ba ya kusa. Shagonsa tebur ne mai ƙafa uku, da bulo a madadin ta huɗun, a gindin maɗacin da ke ƙofar gidanmu na gado. Ni ina cikin gidan tun rasuwar mijina, shi yana waje a inuwa, shi da abokinsa Mai Faci da ke liƙe tayoyi a gefensa. Tare suka yi furfura a wurin.

Mutumin nan ba ya hawa komai. Tun yana yaro, idan sa'o'insa suka hau katanga, shi ne mai riƙe musu takalma. Ya girma ya zaɓi sana'ar da rabin kayanta a silin suke, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka tsani ba. Mai fankar sama shi zai kwance abarsa ya kawo. Idan ya gama gyara sai ya rataye ta a wani ƙarfe da ya kafa, ya kunna, ya shige ƙarƙashinta ya ɗaga kai, baki a sake, yana duban ko tana rawa. Yakan ce shi daga ƙasa yake gane abu, kuma yana faɗin haka ne kamar wata baiwa ce da aka hana sauran mutane.

Maɗacin ya fi gidan bene tsayi. Can sama ya rabu manyan rassa biyu da suka gitta juna. Ɗaya ya miƙo waje, shi ke ba teburin inuwa. Ɗayan ya ranƙwafo kan ɗakina, ya bushe, gara ta shiga cikinsa, iska na kaɗawa sai ka ji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. A daminar bara wani guntunsa ya huda kwanon rufina daidai inda nake sa kai. Allah ya sa ina tsakar gida.

Na kira masu injin yankan itace. Babbansu ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce ba mai hawa wannan ruɓaɓɓen reshe, sai dai su kwantar da itacen gaba ɗaya daga gindi. Na ce to. Ƙanena ya biyo ni har ɗaki.

"Haba Yaya, itacen nan fa babanmu tarar da shi ya yi."

"Ya kuma tafi ya bar shi. Ni ba na son ya tafi da ni."

"To ina zan kai teburina? Mutane ba ni suka sani ba, itacen suka sani."

"Wannan kam ka faɗi gaskiya."

Ya yi ta magiya har na gaji da jin muryarsa. Na ce kafin ruwan farko, ko reshe ya sauko, ko itace ya sauko. Yadda zai yi ba ruwana.

A cikin kwanakin nan ne wani mai ɗaukar hoto ya kawo masa ɗan jirgin nan marar matuƙi da suke tashi da shi sama su ɗauko hoton taro. Ya faɗo masa ne, kyamarar ta fashe, farfela ɗaya ta daina juyawa. Ya riga ya sayi sabo, wannan ya ce a jefa cikin tarkace ko wata waya za ta yi amfani. Ƙanena ya juya shi gaba da baya ya ce, "Yo wannan ai fanka huɗu ce aka haɗa, aka sa mata suna." Ya warware ɗan kwayil ɗin, wato naɗin wayar da ke juya farfelar, ya sake naɗawa, abin ya tashi. Gaskiya dai, hannunsa ya san aiki. Kansa ne ba a tabbatar ba.

Koyon tuƙin ya ɗauki kwanaki. Jirgin ya gaisa da katanga, ya gaisa da igiyar shanya, sau ɗaya ya shiga madafi ya fito. Matarsa, wadda ta daina mamaki tun da daɗewa, ta ce a dai riƙa sanar da ita kafin a tashi, ta rufe tukunya.

Dabararsa ta farko irin ta masu fanka ce. Ya wasa farfelar fankar tebur har ta yi kaifi, ya haɗa ta da ƙaramin inji da batir, ya rataya wa jirgin a ciki. Reshen da za a yanka ya fi cinyar ƙato kauri. Na tambaye shi ko tuffa zai feraye. Ya ci gaba da ɗaure-ɗaurensa. Jirgin ya tashi da ƙyar kamar kazar da ta ƙoshi. Yana kunna wuƙar, ita ta juya dama, jirgin ya juya hagu, suka yi ta gardama a sama, suka aske ganye kamar cikin hannu, sannan suka sauko tare cikin bahon ruwan da Mai Faci ke gwada tayoyi.

Mai Faci ya goge fuska ya ce, "Malam, in wanka ka kawo shi, ai da ka yi magana na ɗumama ruwan."

Na ɗauka an gama ke nan. Sai ga shi ya shanya jirgin a rana, ya fito da dabara ta biyu, kuma wannan, ba don raina ya so ba, tana da ma'ana. Jirgin ba zai yanka komai ba. Zare kawai zai ɗauka ya tsallake reshen ya sauka ta ɗaya gefen. Zaren ya jawo igiya, igiyar ta jawo tsohuwar sarƙar injin yankan katako mai haƙora, sarƙar ta zauna a kan reshen. Sai mutum biyu a ƙasa, wannan ya ja, wancan ya ja. Aka ƙara wata igiyar da za a karkatar da reshen ya faɗa lungu, kada ya sauka a kan rufina.

Ranar aikin hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ƙanena ya tsaya da rimot a gefen teburinsa, daidai ƙarƙashin inda rassan biyu suka gitta, ya ɗaga kai, baki a sake.

Na ce, "Kai, ka tsallaka titi ka duba daga nesa mana. Daga nan ai ba ka bambance su."

"Yaya, ki bar wa masu sana'a sana'arsu."

"Jirgin naka ma makaho ne."

"Ni ne idonsa."

Jirgi ya hau, ya ɓace cikin ganye, ya ɓullo, ya sauka lafiya da zarensa. Mutanen da suka taru suka tafa. Ƙanena ya gyara wuyan riga. Aka tura igiyoyi, aka tura sarƙa, tsofaffi biyu suka kama ja. Tun hantsi suke yi, Mai Faci na cewa, "Ja mana, ko sai na hura maka iska?" shi kuma yana cewa, "Kai dai riƙe wandonka, ya kusa barinka."

Ina zaune a bakin ƙofa sai na lura garin katako yana zuba a kan teburin. Rufina ko ƙura babu. Garin kuma ja ne, ɗanye, yana ƙamshi. Busasshen reshe ba ya haka.

"Me ya sa garin yake sauka a teburinka?"

"Iska ce ke kaɗo shi."

"Iskar ɗanyen itace take kaɗowa?"

"Yaya, don Allah, muna aiki."

Na ja kujerata baya, na ce wa mutane su ma su matsa. Bayan azahar aka ji ƙara. Reshen ya yi sallama da uwarsa, ya yi watsi da igiyar lungu, ya sauko da ganyensa kore shar a kan teburin. Bulon ne kaɗai ya tsira. Rana ta faɗo wurin gaba ɗaya, wurin da bai taɓa ganinta ba tun muna yara. Na ɗaga kai, ga nawa reshen can a kan ɗakina, ko ƙwarzane babu.

Mai Faci ya dubi reshen. Ya saki igiya ya ce, "Kai, amma fa ya yanku da kyau."

Ƙanena ya zauna a kan bulon. Ban tausaya masa da baki ba, don ba abin da hakan zai gyara. Na ce masa hadari bai fasa zuwa ba, maganata ma tana nan. Washegari na kama hannun rigarsa na tsallakar da shi titi kamar ɗan makaranta, na juya shi ya fuskanci itacen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe daga nan ana gani." Na ce haka sauran jama'a suka daɗe suna zargi.

Daga tsallaken titin ya tuƙa jirgin. Wannan karon daga bakin reshen suka fara, guntu guntu, kowane guntu da igiyarsa. Busasshen itace bai yi musu gardama ba. Na ƙarshe ya sauka a lungu, ya tafi da gefen indararona, na ce na yafe. Ruwan farko ya zo ya same ni a kwance ina barcina.

Don haka itace yana nan, kamar yadda na yi alkawari. Dogon sanda ne yanzu da ɗan tukku a ka, inuwarsa tana faɗawa can cikin gidan maƙwabta, a kan kejin kajinsu. Mai Faci ya kwashe tayoyinsa ya koma ƙarƙashin wata rumfa a tsallake, daga can yake ɗaga wa abokinsa hannu. Ƙanena ya ƙi motsawa. Ya haɗa sabon tebur a gindin, yana aiki da jiƙaƙƙen tawul a ka, wai kada masu kawo gyara su ɓata.

Na ce ya kafa rumfa. Ya ce ba buƙata, zai tofo.

"Yaushe?"

"Maɗaci ba ya gaggawa, Yaya."

"Kai fa, shekarunka nawa?"

Ya gyara tawul ɗinsa ya ci gaba da aiki. Kullum da safe yanzu ina jinsa yana zuba wa itacen ruwa da buta.