Ruwan Rijiyoyin da Muka Kai Jidda

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokin aikina. Kayanmu kaɗan ne, sai wata kula mai nauyi cike da kwalaben ruwan da muka ɗebo daga rijiyoyin garinmu, inda ciwon ƙoda ke ta ɗibar mutane. Muna zargin maganin feshin gonaki, amma na'urar da za ta tabbatar babu ita a jami'armu. Akwai ta a reshen wata jami'ar Turai da ke Jidda, kuma tsohon ɗalibina da ke aiki a can ya samo mana izini. Shekara biyu muna neman wannan dama.

Jami'in kwastan na Jidda ya daɗe yana duba takardunmu, sannan ya yi dariya. Ya ce kowa da Zamzam yake fita, mu kaɗai ya ga mun shigo da ruwa.

Direbanmu Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Ya bi da mu ta manyan tituna masu santsi, iskar teku mai ɗanko na manne mana riga a jiki, har masaukinmu a unguwar Waziriyya. Ɗakin riyal ɗari da ashirin, firjin kuwa sai da muka fitar da kantocinsa kafin kwalaben su shiga. Da safe muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da burodinsu, muka nufi wajen Abhur inda reshen jami'ar yake.

A bakin ƙofa ɗalibin nawa ya tare mu. Bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malam, a yi haƙuri. Kuna cikin jirgi saƙon ya iso."

Uwar jami'ar ce ke neman tallafin bincike daga gwamnatin ƙasarta. Gwamnatin ta kafa sharaɗi: duk jami'ar da ke da reshe a waje sai ta tantance kowane baƙo kafin ya shiga ɗakin bincike, don kada a saci sirri. An soke duk wani izini na baya.

Wani jami'i ya zaunar da mu a ofis, ya ba mu gahawa da dabino da fom mai shafuka da yawa. Wa ke ɗaukar nauyinku? Waɗanne ƙasashe kuka taɓa zuwa? Kuna da alaƙa da soja? Abokina ya tambaye shi wane sirri ne a ruwan rijiya. Ya ce shi ma ya san babu, amma ba shi ya rubuta dokar ba, kuma tantancewar takan ɗauki watanni. Ruwanmu kuwa idan ya wuce mako biyu, abin da muke nema a cikinsa ya lalace.

A waje na ce wa ɗalibina ya karɓi kwalaben ya gwada da kansa.

"Malam, komai aka sa a na'urar sai ta rubuta. Jami'ar ce kafilina, ita ta tsaya mini nake zaune a ƙasar nan. Idan suka gane, iƙamata ta zama ta tafi, halas, shi ke nan."

'Ya'yansa uku suna makaranta a can. Ban sake maganar ba.

Kwana takwas muna yawo. Ɗakunan gwaji na kasuwa gishiri da ƙwayoyin cuta kawai suke dubawa. Wata rana muka je unguwar Kurayyat cin tuwo, ashe mai tuwon 'yar yankinmu ce. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ce ƙannenta biyu ciwon ya kashe.

"Alhaji, in an gano, a gaya wa mutanenmu wace rijiya za su bari."

Na ce to.

Ranar da ruwan ya cika mako biyu da ɗiba, na buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya na tuttular a makwararar banɗaki. Kowacce da sunan unguwa a jikinta, da rubutun hannuna. Abokina ya fita ya bar ni.

Mun sauka Kano da la'asar, washegari na wuce gida. Dagacinmu ya aiko a tambayi sakamako, na ce ba a samu ba. Abin da na koya shi ne, waɗanda suka rubuta dokar nan ba su san da mu ba, ba kuma za su taɓa sani ba. Babu wanda ya wulaƙanta mu, babu wanda zan kai ƙara. Fom ɗin na cike na aika. Mutanenmu kuma suna nan suna shan ruwan.