Yadda Takaba Ta Ci Rumfata

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da kayan miya a layin mata na kasuwar Tawa. Rumfata ce ta huɗu daga bakin layi: dirka huɗu, zana a sama, da wani tsohon tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da nake tokarewa da dutse. Gabu nake sayarwa, wato busasshen ganyen albasa, da busasshen tumatir da kuɓewa da daddawa. Ran Lahadi, ranar babbar kasuwa, wata Buzuwa daga wajen Affala takan kawo mini cuku, in jera shi a faifai, kafin azahar ya ƙare. Ba wanda ya ba ni takardar wurin. Juji na tarar, na share, na kafa dirka, na zauna. Haka kowace mace ta samu nata a layin nan.

Mai gidana yana Abijan, kamar yawancin mazan unguwarmu, yana tallar takalma. Yakan zo bayan shekara biyu, ya yi damina ɗaya, ya koma. A gida ni ce da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, da ƴaƴana biyu ƴan lakkol, wato makarantar boko. Babbar ɗiyata tana aure a Kalfu. In ya aiko, alhamdu lillahi, in bai aiko ba rumfar nan ce ke ɗora tukunya.

A shekarar da nake ba da labari, wayarsa ta daina shiga tun farkon bazara. Ban kawo komai a raina ba sai fushi, don ya taɓa yin haka. Wata rana ina tsince daddawa sai ga wani mutum tsaye gaban teburina, da jakar matafiya a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ce shi mutumin Bambeye ne, jiya ya sauka daga Abijan. Bai dubi kaya ba, bai kuma dube ni ba. Ya tambaye ni inda zai samu ƙanen mai gidana. Na kwatanta masa. Da ya juya sai na ajiye daddawar na bi shi da kallo. Saƙon alheri mace ake ba, wanda ake neman namiji a ba shi kowa ya san irinsa.

Ashe wata uku ke nan da rasuwar mai gidana. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ƴan uwansa ƴan cin rani suka yi masa sutura a can, wayarsa kuma ta ɓace da lambobin gida duka.

Bayan sadakar uku ƙanen mai gidana ya kira limamin unguwa ya yi mini bayanin takaba. Liman yana zaune a zaure, ni ina bayan ƙyaure, Inna na kusa da ni.

Ya ce, "Wata huɗu da kwana goma ne, amma daga ranar da ya rasu ake ƙirgawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata uku sun wuce ba da saninta ba, ba laifi kanta. Saura kwana arba'in. Ko a cikinsu ma, in da lalura ta neman abinci, tana iya fita da rana ta dawo."

Liman ya tafi ya bar ni da Inna. Ba mai faɗa ba ce, shekara ashirin muna gida ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Wata ukku ɗana na cikin ƙasar wasu, mu muna nan muna cin tuwo. Ba wanda ya zamna mishi ko yini guda."

Maganar ta same ni inda ban shirya ba. Na tuna a cikin watannin nan na ƙunsa lalle don sunan ɗan maƙwabta, na sa turare, na yi guɗa. Na tuna ranar da na ce wa matan layi, in ya ga dama ya auri Abijan ɗin, suka yi ta dariya. A ranar yana kabari. Sai na ce, "Inna, zan zauna mishi duka, daga yau." Ta ɗora hannunta a gwiwata. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Maƙwabciyata a kasuwa, mai rumfa ta uku, dattijuwa ce mai sayar da barkono da gishiri. Yaya nake ce mata. Ita ta kwaso mini kayana ta kawo gida. Da ta ji abin da na yanke sai ta ja ni ɗaki ta sassauta murya.

"Ke, kin san kasuwa. Wata guda ina iya kore miki mutane da bakin ga nawa. Wata huɗu, ga damina ta taho? Rumfar da ba a sharewa ta zama ta akuya, daga akuya sai mai rabo."

Na ce, "To Yaya, mi za ni yi? Yaran ga ba ni hidda su lakkol."

Ta ce tana da ƙanwa a gida, mijinta ya tafi Libiya shekara uku ba labari, ga ƴaƴa huɗu. In na yarda, ta zauna a rumfar ta ɗan sayar da abin da ta samu, wurin ya kasance da mutum har in fito. Na ga alheri ne ta kowane gefe. Na yi mata godiya har da hawaye.

Kwanakin takaba dogaye ne ga wadda ta saba da hayaniya. Da asuba jikina kan tashe ni kamar zan ɗauki tsintsiya in tafi, sai in tuna, in koma in zauna. Kayan da Yaya ta kawo muka yi ta ci. Da ruwa ya sauka tumatir ya yi fumfuna a buhu, kuɓewa ta yi tsutsa, na baza su a tsakar gida na tsince abin da ya tsira. Matan unguwa kan aiko a sayi gabu kaɗan-kaɗan, da shi muke samun na cefane.

Ranar da kwana arba'in na liman suka cika, Yaya ta zo da kanta da hantsi. Ta ce, "Malam ya sallame ki yau. Taso mu tahi, ko yini guda ki yi a gan ki." Ta ce za ta jira ni a bakin titi.

Na yi wanka, na sa hijabi, na ɗauki faifai. Inna na zaune a inuwar zaure kan tabarma, inda take yini tun ranar da labari ya zo, da hular ɗanta a cinyarta. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi faifan.

"Ina za ki, ɗiyata?"

Da ta yi faɗa da na wuce. A hankali ta tambaya, kamar mai tsoron amsar. Na ce, "Ba ko'ina, Inna. Faifan ga za ni shanya." Na jingina shi da bango na koma ɗaki. Yaya ta gaji da jira ta tafi.

Cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi aka yi wata iska da la'asar wadda ta kwashe rufin gidaje da dama. Washegari Yaya ta aiko wata mata ta faɗa mini rumfata ta faɗi, dirka biyu sun karye, gara ta riga ta cinye gindinsu, zana kuma ba a san inda ta nufa ba. Matar ta ce, "Ta ce a tambaye ki, mi za a yi?" A ranar ƙaramar ɗiyata na kwance da zazzaɓi, hankalina ba ya kan kasuwa. Na ce, "Ki ce ƙanwar tata ta gyara yadda ta iya, Allah shi saka mata." Matar ta ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, sannan ta yi sallama. A bayan ɗakina akwai dirkoki uku da mai gidana ya ajiye tun zuwansa na ƙarshe, zai yi wa awaki rumfa. Ko tunawa da su ban yi ba.

Na fita takaba ana yankan gero. Aka yi sadaka, na wanke kai, washegari na ɗauki ɗan abin da ya rage na nufi kasuwa. Na shiga layi ina ƙirga rumfuna don ban gane tawa ba. Ta huɗu ta zama ta kwano, da dirkokin ƙarfe, da sabon tebur. Tsohon teburina yana baya an kife shi, an ɗora buhuna a kai. Ƙanwar Yaya na zaune tana auna wa wata mata gabu, matar kuwa shekara da shekaru a wurina take saye. Ga faifan cuku a gefe, Buzuwar ta ci gaba da kawowa rumfa ta huɗu, ko wa ta tarar.

Ƙanwar Yaya ta miƙe da sauri ta ba ni kujerarta, ta yi mini gaisuwar rashi, ta sa aka kawo mini ruwa. Irin tarbar da ake yi wa baƙuwa. Na zauna, ita tana tsaye, masu saye na zuwa suna miƙa mata hannu ta saman kaina. Daga ƙarshe ta ce mini, don ni ma Yaya take kirana, idonta a ƙasa, "Yaya, tunkiyata biyu na saida na yi kwanon ga. Ba ni da wani abu bayansu."

Na ce, "Na sani, ƙanwata." Ban sani ba, amma me zan ce?

Aka kai maganar gaban dattijon da ke raba gardamar ƴan kasuwa, wanda muke kira Baba. Kafin ranar na buɗe gwangwanin da nake tara tikitin kasuwa na shekaru, ina cewa su ne shaidata. Lokacin da na fara tara su ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na baza su a tabarma na karanta ɗaya bayan ɗaya. Ba sunana, ba lambar rumfa. Duk wadda ta zauna a ranar ita ake yagar wa. Na mayar da su gwangwani, ban ma je da su ba.

Baba ya saurare mu duka, yana jan gemu. Ya ce, "Ɗiyata, kowa ya san ke kinka share wurin ga. Amma ƙasar kasuwa ba ta kowa ba ce, rumfa ita ce ta mutum, rumfa kuwa ta wanda ya kafa dirka ce. Da ta faɗi an aiko miki?"

Na ce, "An aiko, Baba."

"Kin aiko da wani abu? Ko dirka guda, ko igiya?"

Na ce, "Ban aiko ba, Baba."

Ya ce, "Da ko sanda guda taki na tsaye cikin rumfar ga, da na ce ku raba ta biyu, ba mai ja da ni. Haka munka tarar ana yi. Yanzu in na tashe ta, gobe duk wanda ya gina sai wani ya zo ya ce kakarsa ta taɓa shara a nan."

Yaya ta fashe da kuka, ta ce laifinta ne, da ta zo da kanta ta faɗa mini dalla-dalla. Ta ce ta ɗauka na sani. Na sani kuwa. Ni da bakina na taɓa faɗa wa wata wannan ka'ida. Amma wadda ke cikin ɗaki wata biyu tana kallon bango, kasuwa takan yi mata nisa kamar wani gari.

Ƙanwar Yaya ta ce in zauna gefenta, mu matsa. Na gwada kwana biyu. Kayanmu iri ɗaya ne, mai saye ya zo ya tsaya yana dubanmu, kunya ta hana shi zaɓa, sai ya wuce rumfa ta gaba. A rana ta uku na ga ta koma gida da kayanta kusan yadda ta zo da su, ga ƴaƴa huɗu na jiranta. Na ɗauki teburina na fita daga layin.

Baba ya nuna mini wani wuri a wajen ƙofar kasuwa, jikin bango, kusa da inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa. Ba a yarda a kafa rumfa a nan ba, don hanya ce. Inuwar bangon takan kai ni har hantsi, daga nan sai in yafa buhu a ka. Mai shiga kasuwa yakan ce sai ya fito, mai fitowa kuma ya riga ya saya. Cuku ba ya jure rana, don haka ban sake neman Buzuwar ba. Ran nan ta gan ni, ta tsaya ta riƙe hannuna ta daɗe, ta ɓalli rabin cuku ta ba ni na yara, ta shige ciki.

Damina biyu ke nan ina bakin ƙofa. Yaya takan turo mini masu saye in an nemi abin da babu a layi, wani lokaci na san akwai, tausayi ne kawai. Muna gaisawa da ƙanwarta lafiya lau. Har yau ba a ji labarin mijinta ba, ita ko takabar ba ta samu ta yi ba.

Inna ba ta sani ba. Ƙafafunta sun daina kai ta ko'ina, na kuma roƙi matan unguwa da yarana kada wanda ya faɗa mata. Ta lura na yi baƙi, ta lura miya ta yi ruwa. Jiya da na dawo da la'asar ta dube ni ta ce, "Zanar rumfar taki ta tsufa, rana na cin ki. In an samu sarari ki sake ta."

Na ce, "To, Inna."