Addu'ar da takwarata ta ba ni

Ɗana ya tafi Ingila karatu, ya auro Baturiya, ta musulunta, suka zauna can. 'Yarsu ta fari sunana aka sa mata. Saboda ita na shiga makarantar manya ina da shekara sittin da wani abu, don in riƙa karanta saƙonta a jawwal, wato wayar hannu, da idona, ba sai an karanta mini ba.

Duk hutun zafi tana zuwa wurina a unguwar Rusaifa, nan Makka. Shekarar da ta cika sha bakwai ta zo da sabon zance, kakarta ta wajen uwa. Wai tsohuwar ta shiga wata 'yar jam'iyya mai neman a ba 'yan Ingila majalisarsu ta kansu, tunda 'yan Sukotland na da tasu, 'yan Wales ma haka. Wai tare suke bi gida gida suna zura takardu ta ƙarƙashin ƙofa. Na ce mata kakana da ƙafa ya baro Kano saboda mamayar waɗannan Turawan, yau kuma su ne ke kukan ba su da wurin zama? Ta yi dariya ta ce ban gane ba.

Na gane sarai. Ina tuƙa mata tuwo tana ba ni labarin takalmin tsohuwar da ya tsinke don yawo. Ni da na yi shekara talatin ina sayar da gyaɗa a unguwar Tandabawi, ba ta taɓa tambayar ƙafata ba.

Ranar da za ta koma ta riƙe hannuna, ta kira ni yadda ake kiran kaka a nan.

"Sitti, kakar tawa ta can za ta tsaya takarar kansila. Ki roƙa mata a Harami. Ke ce kusa."

Na ce to. Duk wanda ke zaune a Makka ya saba karɓar saƙon addu'a, kuma amana ce, ba a ajiye ta.

Na hau taksi bayan la'asar, na yi ɗawafi, na ɗaga hannu. Abin da na iya cewa kawai, Allah ka ga tsohuwar nan, ka yi mata abin da ka ga dama. Na shafa na taho gida. Da yarinyar ta tambaya na ce na isar.

Zaɓe ya zo, tsohuwar ta sha ƙasa, ita ce ta ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, ranar har shayi na ƙara.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo, na sa tabarau na karanta harafi harafi. Ta ce kakarta ta daina fita, ko abinci ba ta ci sosai, don haka bana ba za ta zo ba, za ta zauna da ita har ta warware. Ta ce ta gode da addu'a.

Na riga na sayi sabon zanen gado na shimfiɗa mata a ɗaki. Na cire na ninke.