Malam Bulus na Gwashi da Sashe na Goma Sha Huɗu

Idan gari ya waye a Gwashi, kafin mata su dawo daga rijiya, Malam Bulus ya riga ya buɗe ɗakin shan magani. Yakan fara da firijin nan mai aiki da kananzir, ya durƙusa ya leƙa wutarsa, domin a cikinsa allurar saran maciji take, kuma in ta ji zafi ta lalace. Daga nan ya kunna risho ya dafa sirinji, ya share baranda da kansa, ya jawo benci. Kafin hantsi benci ya cika: mai zazzaɓi, mai gyambo, Bafulatanar da ta taso daga ruga da goyo. Haka yake yi shekara ashirin da biyar, tun ranar da babbar mota ta sauke shi da matarsa Esther daga ƙasar Kagoro. A wannan wata na shekarar 1986 zai ajiye aiki. Yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu.

Ba likita ba ne, ko da yake kowa a Gwashi Likita yake ce masa, shi kuma ya gaji da gyarawa. Malamin ba da magani ne. Likita na gaske mafi kusa yana bayan gulbi, tafiyar yini guda da rani. Da damina kuwa, in ruwa ya kawo, sai a yi kwana uku kwalekwale bai ƙetare ba. Kububuwa ba ta jiran ruwa ya janye. Tana kwance ƙarƙashin damin gero, manomi ya kai hannu, kafin la'asar jini na fita ta dasashinsa.

Cikin daminar 1981 Alhaji Hayatu, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar yankin, ya biyo ta Gwashi ta'aziyya. Ya bar wa Malam Bulus wani daftarin doka na gyaran aikin lafiya da ake muhawara a kansa a Legas, ya ce, "Ka duba mana, kai ka san aikin. Kwamiti zai zauna Gummi ƙarshen wata ya ji ta bakin jama'a."

Kwana huɗu yana karantawa a baranda bayan ya sallami marasa lafiya, da fensir a hannu. Abubuwa da yawa sun yi masa daɗi. Da ya kai sashe na goma sha huɗu sai ya ajiye fensirin. Sashen ya ce allurar saran maciji ba za a ajiye ta ba sai a asibitin da ke da likita, kuma duk wanda ba likita ba da ya yi ta, ya yi laifi.

Bai raina waɗanda suka rubuta shi ba. Ya san dalilinsu fiye da yadda yake so ya sani. Allurar nan takan tayar wa wasu mutane da borin jini mai toshe numfashi, kuma shekara shida kafin nan, wata mata mai suna Balaraba ta cika a hannunsa, minti kaɗan bayan ya yi mata ita. Akwai wata ƙaramar allura da ke kwantar da borin, amma ba a taɓa ba shi ita ba, ba a kuma koya masa ba.

Ya rubuta wa na sama da shi yana neman izinin magana gaban kwamiti. Amsa ta zo layi biyu: ma'aikacin gwamnati ba ya tsoma baki a harkar majalisa. Esther ta karanta, ta ninke takardar, ta ce, "Saura shekara biyar ka huta, Bulus. In sun kore ka, ina za mu?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Amma in dokar ta wuce haka, wanda aka kawo mini da kaka me zan ce masa? In ce ya jira kwalekwale?"

Esther ta tashi. Ta wanke masa farar rigarsa ta aiki, ta goge.

Akwai abin da ya yi kafin tafiyar wanda ba kowa ya sani ba. Ya taka har gonar Malami, mijin marigayiya Balaraba, ya same shi yana maimai. Ya ce, "Za ni Gummi. In an tambaye ni ko allurar ta taɓa kashe wani a hannuna, ba zan ɓoye ba. Na zo neman izininka in ambaci sunanta."

Malami ya ajiye fartanya. Ya ce, "Hwaɗi. Amma tare mu ka tahiya."

Suka ɗora babur a kwalekwale, suka tura shi cikin laka inda ya ƙi tafiya, suka isa Gummi rigar nan ta koma ja. Zauren ya cika da hakimai da manyan ma'aikata, kowa ya tashi ya yabi daftarin ya zauna. Shugaban kwamitin wani dattijon likita ne daga kudu, ba ya jin Hausa, ana yi masa tafinta. Alhaji Hayatu ya roƙa a ba wani malamin asibiti minti biyar. Na sama da shi na zaune a sahun gaba, ya juyo ya kalle shi. Malam Bulus ya miƙe.

Ya faɗi nisan Gwashi da asibiti, da yadda gulbi ke yi, da lokacin da dafin kububuwa ke ɗauka. Ya ce mutum ɗari da goma sha ɗaya ya yi wa allurar a shekara ashirin. Shugaban ya cire tabarau, ya tambaye shi, "A cikinsu nawa allurar da kanta ta kashe?"

"Mutum ɗaya, ranka ya daɗe. Sunanta Balaraba. Ni na yi mata, kuma ban san abin da zan yi ba lokacin da numfashinta ya toshe."

"To ka ga dalilin sashen."

"Na gani. Shi ya sa ban zo in ce a goge shi ba. A koya mana. A gwada mu, wanda ya ci a ba shi takarda, a ba shi ƙaramar allurar nan ta borin jini. Wanda ya faɗi a hana shi, ko da ni ne."

Sai Malami ya miƙe daga can baya ba tare da an kira shi ba. Ɗan sanda ya nufo shi, shugaban ya ɗaga hannu. Malami ya ce, "Ni na mijin matar da anka hwaɗi. Gabana tac cika. Bayan shekara biyu maciji yas sari ɗana, kuma wurin wanga mutum nik kai shi, don babu wani wuri. Yana gona yanzu." Ya zauna. Tafinta ya mayar, shugaban ya daɗe yana rubutu.

Sati biyu bayan haka takardar neman ba'asi ta iso Gwashi, a bayanta kuma takardar canjin wurin aiki. Aka mayar da shi Anka tsaron ɗakin ajiyar magani, inda babu marar lafiya ko ɗaya. Wata goma sha huɗu ya yi a can. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce bai taɓa zagin kowa ba, sai dai duk ranar kasuwa yakan tare 'yan Gwashi ya tambayi wa aka sara, wa ya tashi. Mutum biyu ba su tashi ba a kakar farko. Har yau ba ya son a ta da zancen, domin yana ganin da bai je Gummi ba, da yana nan. Dattawan Gwashi da ardon Fulani suka yi ta sintiri har aka dawo da shi.

Daftarin kuwa, rahoton kwamiti ya fito da sashe na goma sha huɗu a gyare, kusan yadda ya roƙa. Bai zama doka ba, domin soja sun karɓi mulki a ƙarshen 1983 yana kan hanya. Amma haramcin bai zo ba, kuma tun kafin nan dattijon likitan ya sa baki aka kira malaman asibiti tara daga ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum aka koya musu. Malam Bulus, da furfurarsa, ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, ya rubuta jarrabawa ya ci.

Malam Bulus, kai ne ka karanta abin da da yawa suka yaba ba su buɗe ba. Kai ne ka tsaya gaban manya ka faɗi abin da zai iya zama hujja a kanka, don a yi doka a kan gaskiya. Baƙon Kagoro, ɗan garin Gwashi, mun gode. Mun gode wa Esther da ta goge rigar.

Ku kuma ma'aikatan ƙauye, malaman makaranta da ungozoma da malaman gona, wata rana majalisa za ta dawo, za a sake kawo daftari. Ku nema ku karanta. Mai rubuta doka a birni bai san zurfin gulbinku ba sai kun faɗa masa.

An shirya motar da za ta kwashe kayansu ranar Asabar, Esther ta riga ta ɗaure tukwane. Jiya sai Malam Bulus ya aika wa direba ya dakata sai an gama yankan gero. Ya ce Bridget, wadda aka turo ta canje shi, ta iya aikinta sarai, amma ba ta taɓa ganin kaka a Gwashi ba, kuma ba ya so ta ga ta farko ita kaɗai.

Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka gida lafiya.