Karkarwar Jar Motar Isuhu

Dakoro zuwa Maraɗi

Da asubar fari muka bar Dakoro, bisa wata kamiyo, babbar motar kaya, da aka labta wa buhunan gyaɗa har ta durƙusa. Mu uku ne: ni, da taubashina Isuhu, ɗan Gwaggo Hajo yayar mahaifina, sai shi Baban nawa, wanda Isuhu ke kira Kawu. A wancan zamani Faransa ke riƙe da ƙasa, kumandan na zaune a bariki, gyaɗa kuwa na da daraja, kuma Isuhu ya samu a cikinta fiye da yadda hankalinsa zai iya ɗauka.

Abin da ya tashe mu mota ce. Wani likita Nasara ya aika ƙasarsu a kawo masa ita, ta hau jirgin ruwa, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, kafin ta iso Maraɗi an mai da likitan wani gari. Kamfanin da ya kawo ta na neman mai saye, sai ga Isuhu. Tun bai gan ta ba ya tsaya tsakiyar kasuwar Dakoro, gaban 'yan gyaɗa da maroƙa, ya ce ranar da zai kawo ta zai yi sallar asuba a Maraɗi ya yi azahar a Dakoro. Ya ce in azahar ta riske shi a hanya, a daina kiransa Guguwa. Kirarin da maroƙa suka laƙaba masa ke nan, kuma na san Isuhu, gara ka hana shi tuwo da ka hana shi wannan suna.

Baba bai faɗi abin da zai kai shi Maraɗi ba. Da na tambaye shi ya dube ni ya ce, "Hanyar ta gidanku ce?" Ya gyara wata 'yar jaka a hammatarsa. Muka wuni muna tafiya, muka sha fura a Kornaka, muka shiga Maraɗi bayan magariba.

Maraɗi

Da safe aka kai mu garejin kamfani. Ja ce wur, gajeruwa, cikinta na kusa da ƙasa kamar akuya ta kwanta. Kujera biyu kacal, rufinta tamfol ne da ake naɗewa. Na zagaya ta sau biyu ban ga inda buhu ɗaya zai shiga ba.

Na ce, "Taubashi, ina za a aza kaya?"

Ya ce, "Wagga ba ta ɗaukar kaya, Abdu. Suna taka ɗauka."

Nasaran garejin, wanda kowa ke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ɗauki Isuhu suka fita gwaji, daga baya aka ɗauke ni. In faɗi gaskiya, ban taɓa hawa abu mai daɗinta ba. Allurar gudu ta wuce tamanin, amma da ka ɗora mata ƙwaryar nono ko ɗigo ba zai zuba ba. Isuhu ya sa hannu a takardu, muka kawo ta masauki, rabin unguwa na biye da mu.

Bayan azahar Baba ya ce mu tafi mu gaida wani tsohon amininsa a can ƙarshen gari, kuma da ƙafa, don ba a zuwa gaida dattijo da taƙama. Ya ce shi zai tsare motar. Da muka dawo wajen la'asar muka tarar yana sallamar wani mutum mai baƙin hannuwa. Baba ya ce gaisuwa mutumin ya zo yi.

Maraɗi zuwa Tibiri, da komowa

Muna sallame sallar asuba Isuhu ya tada motar. Baba ya ce zai biyo kamiyo, tunda ba a yi motar don masu kawu ba.

Cikin gari lafiya lau. Muna fita fili Isuhu ya taka, allura ta haura talatin, sai sitiyari ya fara rawa a hannunsa. Daga sitiyari ta kama kujeru, daga kujeru ta kama mu. Hulata ta sauko ta rufe mini ido. Goron da ke bakina ya tauna kansa. Na buɗe baki in ce ya rage, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Da ya rage ƙasa da talatin sai ta yi tsit kamar ba ita ba. Ya sake takawa, ta sake ɗauka.

Ya ce, "Hanya ce."

Na ce, "Jiya ma ba bisa tabarma munka bi ba."

A shingen Tibiri wani gardi, dogarin Nasara, ya tsai da mu. Ya karɓi takardu ya riƙe su a juye, don idonsa na kan mota. Ya durƙusa ya shafa tayar gaba, ya zagaya ya shafa sauran, ya miƙe yana kaɗa kai.

Ya ce, "Alhaji, wagga taya ciki gare ta."

Muka sauka. Ga kumburi nan a jikinta kamar dunƙulen hannu. Isuhu ya ce, "Ita ɗai?"

"Dut huɗun. Allah shi sauke su lahiya."

Isuhu ya juya kan mota muka koma Maraɗi, yana zagin kamfani tun daga mai shi har mai shara. Mushe ya fito da burodi a hannu, ya latsa kumburin da babban yatsa, ya yi dogon bayani. Tafinta ya ce mana wai jiya da ya ba da ita babu wannan ciwo. Wai kuma zafin cikin jirgin ruwa kan ɓata roba, sai ta yi tafiya abin ya bayyana. Wai irin wannan taya babu ita a Maraɗi, babu a Damagaram, ko Kano ba ya tsammani, sai an rubuta can ƙasarsu, wata uku in an yi sa'a.

Isuhu ya ce, "Hwaɗa mashi azahar nika so, ba wata ukku ba."

Tafinta ya faɗa. Mushe ya ɗaga kafaɗa ya ci burodinsa. Abin da muka samu kawai shi ne aka cire guda cikin masu cikin aka sa ta biyar da ke ajiye a baya, wadda lafiyarta ƙalau. Muka tashi da hantsi da ƙafa ɗaya mai hankali da uku mahaukata.

Tibiri zuwa Kornaka

Gardin ya ɗaga mana shinge ba tare da ya tambayi komai ba, sai dai ya ce, "Ba su haihu ba?"

Daga nan muka shiga rairayi. Isuhu bai haƙura ba. Duk inda ya ga hanya ta miƙe sai ya taka, mu sha karkarwa har idanunmu su kawo ruwa, sannan ya rage. Wani madubi ya kwance ya faɗi, na sauka na ɗauko. Murfin wani ɗan akwati da ke gabana ya riƙa buɗe kansa yana dukan gwiwata. Na ce masa in dai suna take ɗauka, to ta fara zubar da shi a hanya. Bai yi dariya ba, taubashin da tun muna yara ban taɓa tsokanarsa ya bar ni ba.

A gangaren gulbi cikinta ya zauna bisa yashi, tayoyi na juyawa a banza. Wasu Fulani da ke shayar da shanu suka zo su shida, ba su ma tura ta ba, ɗaukarta suka yi suka ajiye gaba. Babbansu ya tambaye ni ko in ta girma za ta zama kamiyo. Na ce haka muke fata.

Muna nan muna kakkaɓe yashi kamiyo ta zo ta wuce mu. Ga Baba can bisa buhunan gishiri, ya naɗe ƙafa. Ya ɗaga mana hannu sau ɗaya, irin na wanda ya ga maƙwabci a gona.

Kornaka

Rana ba ta kai tsaka ba muka shiga Kornaka, kuma a bakin kasuwa tayar gaba ta hagu ta saki iska ta kwanta. Aka nuna mana mai faci, Ɗan Ladi, gindin wata bishiyar bedi. Kamiyo na tsaye nan kusa, Baba na zaune a inuwarta da ƙwaryar fura.

Ɗan Ladi ya cire tayar, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare bakinta, ya zaro robar ciki. Sai wani abu ya faɗo ƙasa tim. Laya ce, girman tafin hannu, an ɗinke ta cikin jar fata ninki-ninki, ga nauyi kamar dutse. Gefenta ne ya goge robar har ta huje.

Isuhu ya ɗauka ya juya ta. Na ga ya tsaya yana kallon ɗinkin, ni ma na gane shi, don irinsa ne a layun da Gwaggo ta rataya mana a wuya muna yara. Ya taka zuwa wurin Baba, ya durƙusa.

"Kawu, mi ne ne wannan?"

"Laya ce."

"Na gani."

"To mi kaka tambaya?"

"Guda nawa ne?"

Baba ya kurɓi fura. "Ƙahwahun motar nawa ne?"

Daga nan ya yi bayani a taƙaice. Tun ranar da Isuhu ya yi cika bakinsa a kasuwa Gwaggo ba ta sake cin abincin kirki ba. Ta je wurin malaminta ya rubuta huɗu, maƙeri ya ba da guntun ƙarfe aka haɗa a kowace, ta ɗinke da hannunta. Ta ce doki a wuya ake rataya masa, amma wannan tunda da ƙafa take gudu, a ƙafa za a sa mata, kuma a inda Isuhu ba zai gani ya cire ba. Mai baƙin hannuwan nan na Maraɗi shi ya yi aikin.

Ɗan Ladi, da yake mai neman abinci ne, ya matso ya ce, "Alhaji, in wannan ne ciwon ai da sauƙi. Saura biyu cikin ƙahwahu, yanzu in hidda su. Inuwa ba ta juya ba. Wallahi kana samun azahar Dakoro."

Gaskiya ya faɗa, akwai sauran lokaci. Ni kuwa haƙorana sun gaji, na ce, "Taubashi, a hidda su mu sa aljihu mana. Laya ai laya ce ko ina take."

Isuhu ya dubi Baba. "Ta ce wani abu in na gano?"

"Ta ce in ka gano in hwaɗa maka ita ba ta hana ka cirewa ba."

Ni da na san Gwaggo, da jin haka na san an gama. Da ta ce ta hana, da akwai wurin gardama. Isuhu ya daɗe a durƙushe da layar a hannu, ya dubi rana, ya dubi hanyar Dakoro inda maroƙa ke jiransa da kalangai tun safe. Wallahi ya ba ni tausayi, na rasa abin tsokana.

Ya miƙa wa Ɗan Ladi layar ya ce, "Mai da ta inda ka same ta."

"Ciki?"

"Ciki. Ka naɗe ta da tsohuwar roba kada ta sake huda. In ka ƙare ka cire lahiyayyar nan ta biyar, ka mai da wadda anka cire Maraɗi."

Ɗan Ladi ya ce tun da yake faci ba a taɓa biyansa ya mai da ciwo ba. Ya yi aikin dai. Muka ci kilishi muna kallonsa.

Kornaka zuwa Dakoro

Ba ni da abin faɗi mai yawa a kan wannan zango. Allura ba ta sake taɓa talatin ba. Azahar ta same mu gindin wata aduwa tun ba mu kai Birnin Lalle ba, muka yi taimama muka yi salla, Isuhu ya ja mu. A Birnin Lalle wani Buzu bisa raƙumi ya jera da mu har muka gama gaisawa, sannan ya ce yana sauri, ya wuce.

La'asar sakaliya muka hango Dakoro. Maroƙa na nan bakin gari, rana ta gasa su, ga 'yan gyaɗa sun jeru kowa da murmushinsa. Babban maroƙin ya ɗaga murya ya fara, "Gugu…" sai ya dubi rana ya haɗiye sauran. Wani daga baya ya ce, "Sannu da zuwa, Hawainiya!" Taro ya kwashe da dariya, kalangu ya ɗauka nan take. Isuhu bai bari na faɗi dalili ba. Ya ratsa su a hankali, da ma ba shi da wata tafiyar sai ita.

Bai tsaya ƙofar gidansa ba sai ta Gwaggo. Baba ya riga mu, yana zaune a zaure. Muka shiga muka durƙusa. Gwaggo ta fito da ƙwaryar ruwa, ta dubi ɗanta tun daga hula har takalmi. Ko leƙa motar ba ta yi ba.

Ta ce, "Ta yi gudu?"

Ya ce, "Ba ta yi ba, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da na roƙa ke nan. Ashe malamin nan ya iya aiki."

Ya ce, "Ya iya, Inna."

Mu ma muka yi wa Allah godiya da Ya kawo mu gida da gaɓoɓinmu cikakku. Ta miƙa masa ruwan, sai na ga yana fantsalowa daga bakin ƙwarya. Hannunta ne ke karkarwa, ita da ba ta hau motar ba.