Goggo Orpha da Fim ɗin da Aka Narkar

Ranar Talata, 9 ga Maris 1971, Verna ta bugo waya ta ce mahaifiyarta, Goggo Orpha, ta rasu. Na ce to, na ajiye wayar, na ci gaba da feraye dankalin da ke gabana. Har yau hawaye bai zo mini ba.

Goggo, ke ce mai kaɗa piyano a silimar garinmu, Marietta, zamanin da fim ba ya magana. Ba a ba ki takardar kiɗa. Kanki a ɗage kike aiki, doki ya zabura a majigi, yatsunki su zabura. Rabin yaran unguwarmu a falonki suka koyi kiɗa, kowa ya fita da yankin kek ɗin tuffa, har masu kunnen ƙashi.

A 1916 aka kawo fim ɗin 'yan fashin jirgin ƙasa, wanda ƙaninki Lemuel ya yi tsalle a ciki daga kan doki zuwa tarago. Mako guda kina kaɗa masa. Bayan shekara biyu yaƙi ya cinye Lemuel a Faransa. Da kika nemi fim ɗin, kamfanin ya ce tuni suka narkar da shi don su cire azurfar jikinsa.

Sai ya zama a hannunki kaɗai ya rage. Duk Lahadi bayan coci kina kaɗa kiɗan fim ɗin daga farko har ƙarshe, idonki a bango kamar kina kallonsa. Ni da ban taɓa ganin baffana ba, da kunne na san shi.

Da ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe miki yatsu, kika zaunar da ni in koya. Wata rana ina cikin kaɗawa kika doke mini hannu.

"Ke, a hankali mana. Bai gama miƙewa kan sirdi ba, kin jefa mini shi ƙarƙashin jirgi."

Daga baya na iya, kika ce ba laifi. Ranar jana'izarki na kaɗa kiɗan fim ɗin a coci, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na ɗaga kai yadda kike yi, na zuba wa bango ido har na gama. Farin fenti kawai na gani, Goggo. Ashe mutum biyu muka binne.

Allah ya jiƙan ki, ya sada ki da ƙaninki cikin rahamarsa. Verna, da ke da yaran, Allah ya ba ku haƙuri.